Ranar da Mendo Ta Mayar wa Tafki Tsummokinsa

Duk wanda ya bi ta ƙauyen Sermagang zai ga wani gida a bakin hanya da aka jera wa durom-durom na roba a ƙarƙashin indararo, an tokare indararon da wata doguwar gora mai ƙugiyar ƙarfe a kai. Ga kuma famfo nan a ƙofar gidan yana zuba ba dare ba rana, ruwa garai-garai mai sanyin da ke kashe haƙori. Baƙi kan ɗauka famfon ne ke da matsala. Lafiyarsa lau. Duk ƙauyen daga nan suke sha, Mendo mai gidan ce kaɗai ba ta sha.

Tun tana yarinya Mendo mai ƙyanƙyami ce, irin ƙyanƙyamin da ke raba mutum da ƙawaye. Idan aka miƙa mata shayi a gidan mutane sai ta yi ta juya kofin tana neman gefen da ba a kafa baki ba. Idan ta tsinci gashi a man shanu, to ita da abinci sai gobe. Da aka kawo ta gidan Singi tana amarya, abin da ta fara yi shi ne ta kwashe kwanonin surukarta kaf ta kai rafi ta dirje su da toka. Palmo, yayar Singi, ba ta yafe mata wannan ba har suka tsufa.

Gidan su Singi, kamar rabin gidajen ƙauyen, suna da wurin kafa rumfa can sama a bakin tafkin Gosainkunda. Duk damina, idan watan biki ya kusa cika, sai a hau da tamfol da tukwane da buhunan dankali, a sayar wa masu ziyara shayi da miyar tafarnuwa, a ba su wurin kishingiɗa. A shekararta ta farko, bayan dubban mutanen nan sun yi wanka sun yi roƙe-roƙensu sun gangara, aka aiki Mendo ɗebo ruwan shayi. Ta tsoma tukunya ta ɗago, sai ga ɗan kamfan wani ƙato yana reto a bakin tukunyar. Ta saki tukunyar ta zagaya bayan dutse ta yi ta kwara amai har da kore.

Ba wai ba ta san al'adar ba. Kowa ya sani: ka yi wanka a tafkin Mahadeu, abin bautarsu, ka tuɓe tsohon tufan da ke jikinka ka bar shi a ruwa, ciwonka da zunubinka su zauna tare da shi, ka koma gida sabo fil. Abin da ba ta taɓa tsayawa ta auna ba shi ne, wannan ruwan dai shi ne ke sulalowa ta tsakanin duwatsu ya zama rafin da ke ratsa bayan ƙauyensu.

"Wato mu ne ke shanye dattin mutanen Katmandu," in ji ta ga mijinta, tana goge baki.

"Mun daɗe muna sha, ga mu nan ƙato-ƙato," in ji Singi.

Washegari ta samo gora doguwa, ta ɗaura mata ƙugiya, ta shiga zagaya tafkin tana tsamo abin da bayin Mahadeu suka bar masa. Fatari, bante, singileti, rigar mama, safa wari guda, zanen da aka yi jinya a kai, ƙunzugun jarirai. Tana tsamowa tana tofar da yawu tana zagi. Kada wani ya gaya maka lada take nema. Ƙyama ce zalla ta sa ta, kuma ƙyamar ce ta riƙe ta a kan aikin har gashinta ya yi fari, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya taɓa ce mata sannu. A ranar biki kuwa tsayawa take yi a bakin ruwa da gorarta, duk wanda ta ga ya fara zare wando ta yi masa tas, har masu ziyara suka san ta, suna raɗa wa juna a matsa can gaba, ga masifaffiyar nan.

Sai kuma matsalar inda za a kai kayan. Ƙonawa ba ta yiwuwa, don a can sama babu itace, kuma ko da akwai, wa zai jefa ƙazanta a wuta ya ɓata wa iskokin murhu rai? Binnewa ma ba ƙasa, dutse ne ko'ina. Dole ta riƙa saɓo su a kwando ta gangaro da su gida. Ta dafa su da toka a tsohuwar tukunyar dafa giya, ta zubar, ta sake dafawa, ta shanya su har hunturu ya busar da su ƙayau. Daga nan ta yayyanka, ta haɗa, ta ɗinke su barguna da katifu masu kauri. Da su take shimfiɗa wa baƙi a rumfa. Mutum ya bar fatarinsa bara, bana ya dawo ya biya kuɗi ya kwana a kansa yana yabon laushi. A duk aikin nan wannan kaɗai ke sa Mendo dariya.

Singi kuwa mutum ne mai sanyin hali, masaƙin kwando, ga zolaya, ga taba ba ta barin bakinsa. Shi ke riƙe mata buhu idan tana tsamo kaya, yana ɗaga kowanne yana yi masa kirari.

"Tsohuwa, dubi wannan! Mai wannan wandon ai ba mutum ɗaya ba ne, ƙungiya ce."

"Sa a buhu, ƙazami, kada ka taɓa ni da hannun nan."

Amma duk duniya shi kaɗai ne Mendo ke iya shan ragowar kofinsa. Ko ɗanta Norsang da ta haifa bai samu wannan ba. Singi ya san haka sarai, kuma yana alfahari da shi fiye da yadda wani ke alfahari da garken shanu. Idan an yi baƙi da gangan yake kurɓar shayi ya miƙa mata sauran, don dai a gani.

Shekarar girgizar ƙasa, da gidaje suka zube, ƙauyen gaba ɗaya ya kwana a gonakin dankali cikin ruwa da sanyi. Bargunan Mendo ne suka rufe tsofaffi da masu jego. Kowa ya san daga inda suka fito, ba kuwa wanda ya tambaya. Da aka sake gini ma ba wanda ya dawo mata da nata, ita kuma ba ta nema ba.

Shekarar da abin ya faru, tun kafin ruwan farko Singi ya fara tari. Ƙafafunsa suka kumbura, idan ka danna da yatsa sai ya bar rami. Aka kai shi asibiti a garin Dunce, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya bar taba ya kuma nisanci hayaƙi, wanda a gidan da murhu ke tsakiyar ɗaki daidai yake da a ce ya ƙaura. Norsang, da ke aikin gini a ƙasar Larabawa, ya yi ta bugo waya yana kuka. Ana dai shan ƙwayoyi, amma sauƙi bai zo da saurin da Palmo ke so ba. Wata safiya sai ga ta ta taso Gyalbo a gaba, tsohon bombon ƙauyen, bokan da ke magana da iskoki, gangarsa rataye a kafaɗa.

Gyalbo ya zauna kusa da majinyacin, ya zuba 'yar shinkafa a kan fatar ganga, ya riƙa ƙwanƙwasawa a hankali yana kallon inda ƙwayoyin ke tafiya. Suka taru a gefe ɗaya, gefen katifa. Ya ɗago kai ya shaƙi iska kamar mai neman inda ɓera ya mutu.

"Wannan katifar, daga ina?"

"Tambaye ta dai, Meme!" in ji Palmo da kiran girmamawar da ake yi wa tsofaffi, har tana tafa hannu. "Tambayi Cang. Ni na gaji da faɗa." Haka take kiran Mendo, Cang, matar ƙane, ba ta taɓa kama sunanta ba.

"Meme, ka san daga ina take," in ji Mendo. "Kai ma a ƙarƙashin bargona ka kwana shekarar girgiza. Har da minshari."

"Shi ya sa gwiwata ba ta daina ciwo ba tun daga lokacin," in ji Gyalbo, ko kunya babu. "'Yata, toka tana fitar da datti, ba ta fitar da ciwo. Mutane sun kai wa Mahadeu cututtukansu ya karɓa ya riƙe, ke kin bi baya kin kwaso kin shimfiɗa wa mijinki. Tarin wani yake yi. Kumburin wani ne a ƙafarsa."

Hukuncin da ya yanke ba shi da tsawo. Duk wani ƙyalle da ya fito daga tafki zai koma tafki ranar cikar wata, kuma hannun da ya tsamo shi ne zai mayar. A ɗaura musu duwatsu su nutse, yadda ba ƙugiyar da za ta sake kai gare su. Rigar da ke jikin Singi kuma kada a cire ta, kada ruwa ya taɓa ta, ta yi ta shan ciwon har ranar tafiya, ita za a jefa a ƙarshe.

Mendo ta buɗe baki za ta yi masa irin wanda take yi wa masu zare wando, sai idonta ya faɗa kan Singi. Ta zaci za ta ga yana danne dariya, yana shirya abin da zai tsokani tsohon da shi bayan ya fita. Sai ta ga yana janye jikinsa daga kan katifar a hankali, yana neman tsirarin katako.

Kafin rana ta yi tsaka labari ya gama ƙauye. Kafin ta faɗi, an fara kawo mata barguna. Ba wanda ya shigo. Daga bakin hanya ake wurgo su, wasu da sanda suke ɗaukowa, wasu sun naɗe hannu da leda. Matar mai shago, wadda ta haihu a gonar dankali a kan katifar Mendo, ta jefo tata ta tsaya tana karkaɗe hannu.

"Nana Mendo, ba don komai ba, yaron nan nawa tun da aka haife shi majina ba ta tsaya masa ba."

"Ubansa ma haka yake, kuma shi ba a kan katifata aka haife shi ba. Da kin wanke ta ko sau ɗaya kafin ki dawo da ita."

Ba ta wanke ba kuwa. Babu wanda ya wanke. Bargunan da suka bar hannunta suna ƙamshin rana suka dawo mata da fitsarin yara, da maiƙon kai, da ƙuma, da wari irin na akuyar da ta kwana cikin ruwa. Mendo ta tsaya a kan tulin nan, ta rasa wanne ya fi ba ta ƙyama, kayan ko masu kayan.

Haka shirin hawa ya kama. Sauran gidaje na ɗinkin tamfol, suna auna shinkafa da sukari, suna gyara murhun tafi-da-gidanka. Ita kuwa tana zaune a tsakar gida, ta ɗaure hanci da ɗankwali, tana farke ɗinkin da ta yi da hannunta, don katifa sukutum ba ta shiga kwando. Aikin ya fi ɗinkin ciwo, don ta ɗinka su ne ba da niyyar a farke ba. Tana farkewa tana gane su. Ga jan fatarin da ta tsamo shekarar da ta yi cikin Norsang. Ga wandon ƙungiya. Ta ƙulla su ƙunshi-ƙunshi da igiyar da Singi ke saƙa wa kwando.

Palmo na zuwa kullum ta zauna can nesa a kan katanga, inda iska ba ta kawo wari, tana ba da umarni.

"Cang, kin daka gishiri da taba na matsattsaku? Bana sun yi yawa a daji."

"Na daka, Nana."

"Tafarnuwa fa? Ki tauna tun daga ƙasa, kada ciwon tudu ya kwantar da ke a hanya ki bar mana kaya a daji. Kuma ba nama ba giya har ki dawo. Kuma ki gyara igiyar goshin nan ta kwandonki, ta tsufa."

"Nana, na hau dutsen nan ina da ciki, na hau da goyo. Ke yaushe rabonki da shi?"

"Ni ban kwaso wa ƙanena mutuwa daga can ba, shi ya sa ba na buƙatar komawa."

Mendo ta koma kan shirinta. Ta soya garin sha'ir ta ɗura a jaka, ta naɗe curin man shanu a ganye, ta like takalmin robarta da wuta inda ya tsage. Ta ƙulla gishiri da taba a tsumma ta ɗaura a kan sanda. Abubuwan da take yi duk shekara ke nan ba tare da tunani ba, amma bana kowanne sai da ta yi tsaki a kansa.

Kayan sun fi ƙarfin ɗauka ɗaya, kuma babu mai taɓa su ko da za a ba shi saniya. Don haka tun wata na siriri ta fara jigila. Ta saɓi kwando da safe, ta ratsa daji cikin ruwan sama da caɓi har inda itatuwa suka ƙare, ta cusa ƙunshin a ƙarƙashin wani dutse, don makiyayan wurin sun hana ta ajiyewa kusa da bukkarsu. Ta gangaro da yamma ƙafafunta sun yi jina-jina. Matsattsaku na faɗowa daga ganye, suna shiga ta wuyan riga, suna liƙewa a bayan gwiwa da tsakanin yatsu. Ta dangwala musu gishiri su murɗe su faɗi, cike da jininta. Gobe ta sake. Da ta gama tara su a gindin dutsen sai ta shiga matsar da su gaba, zango-zango, har kusa da tafki.

A gida kuma ga rigar. Singi na zufa a cikinta, yana tari a hannunta, miya na zuba a gabanta. Ta yi baƙi, ta yi tauri, ta fara wari tun daga ƙofa. Matar da ba ta iya barin cokali ya kwana ba wanki, ita ce ke zaune da wannan a ɗakinta, tana tallafo mai rigar ta ba shi magani, tana ɗauke numfashi yadda ba zai lura ba.

Ana gobe tafiyar ƙarshe, da la'asar, tana ɓare tafarnuwa a bakin ƙofa, shi yana jingine da bango a kan buhun da ya maye masa katifa. Palmo ta tafi. Mendo ta ajiye wuƙa.

"Baban Norsang, tsakani da ni da kai. Ka yarda da maganar tsohon nan?"

Singi ya kawar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Kai ka riƙe mini buhu. Kai ka ce ba ka taɓa kwana a katifa mai daɗin wannan ba. Ka san abin da zan je in yi? Abin da na kwashe tun ina amarya, shi zan juye a ruwan da jikokinmu za su sha. A rana ɗaya."

"Na sani, tsohuwa."

"To ka yarda ko ba ka yarda ba?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Da ina da lafiya da ni zan fara yi masa dariya. Amma idan na kwanta numfashi na ƙin shiga, sai in ji kamar wani ne zaune a ƙirjina, wanda ban sani ba. Tsoro nake ji, Mendo. Ba na son in mutu."

Rabon da ya kira sunanta har ta manta. Ta ɗauki wuƙa ta ci gaba da ɓare tafarnuwa, tana ɓata fiye da abin da take gyarawa.

"Akwai kwazazzabai da yawa a hanya," in ji shi can. "Ba mai ganin ki. Amma idan kin dawo zan tambaye ki, kuma ke ba ki iya ƙarya ba. Ko gishiri kika manta a miya sai fuskarki ta faɗa."

Da gari ya waye ta tuɓe masa rigar, ta goge masa jiki da ruwan ɗumi, ta sa masa wankakkiya. Tsohuwar rigar kuwa ta naɗe ta a leda, ta ƙara wata ledar, ta ɗora a saman kwando. Gorarta mai ƙugiya na jingine a bayan ƙofa inda take zama. Hannunta ya kai kan gorar da kansa, sannan ta tuna, ta bar ta.

Hanya cike take da mutane. Bombaye cikin fararen riguna suna kaɗa ganga suna tsalle, ƙararrawa na kaɗawa a ƙirjinsu. Mutanen birni na haki, suna zaune a kan duwatsu sun riƙe kai, wasu na amai a tsakiyar hanya. Da aka wuce itatuwa ita ma kanta ya fara sarawa, abin da bai taɓa yi mata ba, ta yi ta tauna tafarnuwa har bakinta ya ɗaɗe. A wani wuri hanya ta bi ta gefen wani kwazazzabo mai zurfi, hazo ya rufe gaba da baya, ba kowa. Ta tsaya ta leƙa. Da za ta kwaso ƙunshin nan duka ta tura su nan, ko tsuntsu ba zai ba da labari ba. Ta daɗe tana gwada fuskar da za ta yi idan ya tambaye ta. Ba ta samu ko ɗaya ba. Ta tofar da tafarnuwa a ramin ta wuce.

Ranar cikar wata bakin tafki ba masaka tsinke. Maza na karkarwa cikin ruwa suna canza zaren ibada da ke wuyansu, mata na nutso da zannuwansu suna kiran sunan Mahadeu. Mendo ta jido kayanta ta tara a kan wani falalen dutse, tuli guda har ya fi ta tsayi. Masu rumfuna, 'yan ƙauyensu, suka bar tukwanensu suka fito kallo. Ta kwance kowane ƙunshi ta cusa masa dutse ta sake ɗaurewa. Ta tattare zane ta shiga ruwa har ƙugu, sanyi ya soke ta har ƙashi, ta jefa na farko.

Ruwan wurin garau yake, har kana ganin tsakuwar ƙasa. Ta ga ƙunshin ya sauka ya zauna, wani baƙi-baƙi na tashi daga jikinsa yana bazuwa. Ta koma ta ɗauko na biyu. Tana kaiwa tana dawowa, ba ta kallon kowa, har ƙafafunta suka daina jin komai. Rigar Singi ce ta ƙarshe. Ta zare ta daga leda, warin ya buge ta, ta naɗe dutse a ciki ta wurga iya ƙarfinta.

Da ta fito tana ɗigar ruwa, wata mata 'yar birni mai gilashi da jar hoda a goshi ta zube a gabanta ta kama ƙafafunta.

"Ama, uwata, ki sa mini albarka! Ban taɓa ganin imani irin naki ba. Duk wannan a bayanki kika hawo da shi? Ku zo ku gani!"

"Sake ni," in ji Mendo.

Matar ba ta ji ba. Ta miƙe ta jawo jakarta, ta zaro fatarinta da wandon mijinta da ƙunzugun jaririnta da bai ko bushe ba, ta watsa su daidai inda Mendo ta jefa nata. Na kusa da ita suka bi. Wani tsoho da ya san ta shekara da shekaru, wanda ta taɓa kora da gora, ya dube ta ya washe baki, ya zare bantensa a gabanta ya jefa. Kafin a jima ruwan wurin ya rufe da tsummoki suna yawo, iska na tura su sannu a hankali wajen bakin da rafi ke fita. Mendo na tsaye da hannu biyu ba komai a ciki. Bakin da ya shekara da shekaru yana zagi ya rasa wanda zai zaga.

Ba ta kwana a rumfar kowa ba, ba ta sha shayin kowa ba. Ta gangara ta kwana a gindin dutsen da ta riƙa ajiye kaya, ta ci garin sha'ir busasshe. Duk hanyar rafi na gefenta yana ƙara, yana rige ta zuwa gida. Maƙogwaronta ya bushe kamar an zuba toka, amma ko hannu ba ta tsoma ba.

Ta iso da rana tsaka. Singi na zaune a waje cikin rana, abin da ya yi wata bai yi ba, Palmo na gefensa tana baza haƙora. Ko ƙwayoyin asibiti ne suka fara aiki, ko hankalinsa ne ya kwanta, wannan ba mai iya faɗa maka. Ƙauye dai ya ce tafki ne, kuma har Singi ya rasu, damina biyu bayan nan, ba wanda ya canza magana.

Ya dube ta, ta dube shi.

"Duka?" in ji shi.

"Duka."

Ya daɗe yana kallon fuskarta, sannan ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, idanunsa suka ciko.

"Ba ni ruwa, tsohuwa."

Ta ajiye kwando, ta ɗauki kofinsa na tagulla, ta je famfon nan da ke jawo ruwan rafi ta tara. Ruwan garai-garai, kamar kullum. Ta kawo masa. Ya kafa kai ya sha rabi, ya lumshe ido.

"Kai! Rabon da in ji daɗin ruwa haka." Ya miƙo mata sauran, yana satar kallon yayarsa da ɗan murmushin nan nasa na alfahari. "Ungo, shanye. Kin sha hanya, dubi leɓenki duk ya tsage."

Mendo ta karɓi kofin. Ta ga inda ya kafa baki, gefen da ta saba nema. Ta ɗaga shi har ya kusa taɓa leɓenta, sanyinsa na bugun hancinta, sai ta tuna daga inda ya gangaro. Ta sauke hannu.

"Ba na jin ƙishi," in ji ta.

Murmushin ya bar fuskar Singi a hankali. Ita ce ƙaryar farko da ta yi masa, kuma kamar yadda ya faɗa, fuskarta ta tona ta. Ya miƙa hannu ya karɓi kofinsa, ya riƙe shi a cinya, bai sake sha ba.